Yunwa Ce Ko Hanta?

A karar Potiskum, ranar Laraba, akwai mutanen da ƙosassun shanu ba sa gabansu. Waɗannan na masu tirela ne, a loda su a yi Legas ko Fatakwal da su. Su masu kiwon turke ramammen sa suke nema, mai dogon ƙashi da faɗin baya, wanda za a ɗaure wata uku ko huɗu a bayan gida, a yi ta zuba masa dusa da harawa da ruwan kanwa, kafin babbar salla ya zama abin kallo. Ribarsu duk tana cikin ramar nan. Asararsu ma a cikinta take.

Shi ya sa ba ka taɓa ganin mai turke yana gaggawa. Zai buɗe bakin san ya dubi haƙora. Zai ja fatar ido ƙasa ya ga ko cikin ja ne ko ya yi fari fat. Zai shafa ƙarƙashin haɓa ya ji ko akwai kumburi mai ruwa-ruwa, ya tsaya har dabbar ta yi kashi ya duba, ya sa a kora ta ya ga tafiyarta, ya kasa kunne ga numfashinta. Sa'an nan ya juya wajen dillali: "Alhaji, daga ina aka kawo shi? Cadi ko Nijar? Kwana nawa ya yi a hanya? A fadama ya yi kiwo ko a tudu?" Duk tambayoyin nan amsa ɗaya suke nema: me ya ramar da shi?

Domin ramammu biyar za su tsaya a jere, haƙarƙari a waje, kallo ɗaya ba ya bambanta su, alhali kowanne da abin da ya kawo shi nan. Na farko yunwar rani ce ta kama shi, ciyawa ta ƙare a daji. Wannan shi ne abin nema, abinci kawai yake jira. Na biyu doguwar tafiya ce ta zuge shi, hutu da ruwa sun ishe shi. Na uku ya yi kiwo a fadama ya kwaso tsutsar hanta, wadda ke fitowa daga ƙananan katantanwa ta maƙale a ciyawar bakin ruwa. Ko buhu goma na dusa ya ci ba zai yi nama ba sai an kashe tsutsar. Na huɗu sammore ne, ƙudan tsando ya cije shi lokacin da garke ya yi kudu, allura yake buƙata, kuma allurar tasa daban take da maganin tsutsa. Na biyar tsufa ne kawai, haƙora sun cinye, babu malamin dabbobin da zai mayar da shi maraƙi. A cikin biyar ɗin, biyu ne kaɗai ke da cuta. Sauran ukun suna da matsala, matsalar gaske kuwa, amma ba cuta ce ke cin su ba.

Mutanen da ba su taɓa zama a aji ba sun san wannan sarai, kuma da shi suke ciyar da iyalansu. Abin da ke damuna shi ne, da zarar an bar kara an doshi gida, sai sanin ya tsaya a bakin zaure. Mutumin nan da ya ɓata rabin yini yana binciken sa, idan ya tarar ɗansa kwance jiki ya yi rau, sai ya miƙa wa yaro kuɗi: "Je ka kemis, ka ce a ba ka na zazzaɓi." Ba ya tambayar me ya kawo zazzaɓin. Ba don ɗan bai fi san daraja a wajensa ba, Allah ya kiyaye. Mun dai taso ne muna ɗaukar zazzaɓi a matsayin cutar kanta.

A wajen likitoci, cuta abu ce mai sanadi, mai hanyar da take bi a cikin jiki, mai alamomin da aka san ta da su, galibi kuma da gwajin da ke tabbatar da ita. Maleriya misali ce mai kyau: sauro ya zuba ƙwayar cutar a jini, ta wuce hanta ta hayayyafa, ta dawo ta shiga jajayen ƙwayoyin jini tana farfasa su, ɗigon jini ɗaya a kan abin gwaji ya nuna ta. Matsalar lafiya kuwa ta fi haka faɗi, domin ta haɗa duk abin da zai kai mutum gaban likita. Akwai cututtukan a ciki. Akwai alamomi irin su zazzaɓi, tari, ciwon kai, jiri, kumburin ƙafa, waɗanda kowannensu cututtuka da yawa ke iya haifarwa. Akwai rauni, kamar karayar ɗan acaɓa ko ƙunar ruwan zafi. Akwai kuma halin da jiki ke shiga ba tare da wata ƙwayar cuta ko lalacewa ba, kamar juna biyu da tsufa da yunwa. Babban kundin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke jera cututtuka a ciki, wanda bugunsa na 11 ya fara aiki a watan Janairun 2022, shi ma haka ya raba su: alamomi da babinsu, raunuka da nasu, ciki da haihuwa da nasu.

Zazzaɓi shi ne ramar ɗan Adam, in ana maganar abin da ido ke gani amma bai faɗi dalili ba. Jiki ne da kansa ke ɗaga zafinsa idan ya ji baƙon abu ya shigo. Baƙon kuwa zai iya zama maleriya, ko mura, ko ciwon huhu, ko ƙyanda, ko ciwon kunne, ko cutar mafitsara, ko taifot, ko sanƙarau. Farasitamol yana sauke zafin dukansu na 'yan sa'o'i, ba ya kashe ko ɗaya daga cikinsu. Gaskiya ne maleriya ta yi mana katutu, tunda kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da ita a duniya a Najeriya suke, shi ya sa ma ake bi gida-gida da damina ana raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin kariya a jihohin Arewa, har da Yobe. Amma yawan maleriya bai mayar da kowane zazzaɓi maleriya ba. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina ba da maganin maleriya da ka, a fara gwada jini. Gwajin nan na tsinken yatsa minti 15 zuwa 20 yake ɗauka. Matsalar tana zuwa ne idan ya nuna babu. A nan ne uba zai ɓata rai, ya ce na'urar ce ba ta da kyau, ya fita ya sayi maganin a waje. Alhali "babu" ɗin nan amsa ce mai daraja: tana cewa a ci gaba da nema, abin da ke cin yaron yana wani wuri.

Haka nan wannan tagwayen suna da ya zama ruwan dare, "maleriya da taifot", wanda kusan duk wanda ya yi kwana uku yana zazzaɓi sai an laƙaba masa. Gwajin da aka fi yi na taifot a ƙananan ɗakunan gwaji wani likitan Faransa ne, Widal, ya fito da shi a 1896. Yana iya nuna alama a jinin mutumin da ya taɓa yin cutar tuntuni ya warke, ko wanda wata cuta daban ke damunsa. Taifot ta gaske tana nan, tana shigowa ta gurɓataccen ruwa da abinci, tana iya huda hanji, kuma tabbatar da ita na buƙatar a raini ƙwayar cutar daga jini a ɗakin gwaji. Amma da yawa daga cikin waɗanda ake ɗura wa ruwa da allurai da sunanta, ba ita ce ke damunsu ba.

Potiskum ta ga abin da wannan ruɗani ke iya jawowa. A farkon shekarar 2024 sanƙarau ya shiga makarantun kwana na garin, aka rasa ɗalibai, Allah ya ji ƙansu ya ba iyayensu haƙuri. Sanƙarau da zazzaɓi da ciwon kai da amai yake farawa, kamar kowace maleriya. Kafin wuya ya sanƙare, kafin haske ya fara damun ido, kafin yaro ya fara sambatu, sa'o'i masu tsada sun wuce, cutar kuwa tana iya kisa cikin kwana ɗaya. Ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu: Yobe tana cikin yankin da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha inda take tashi da rani, lokacin ƙura da zafi da cunkoson ɗakin kwana, kuma manya ba su manta da 1996 ba, shekarar da ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000. A 2024 ɗin ne Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar cutar. Cuta ake yi wa rigakafi, wadda aka san sunanta da ƙwayarta. Babu rigakafin zazzaɓi.

Shekara ɗaya kafin nan, a 2023, mashaƙo ne ya ratsa Arewa, Kano a gaba, Yobe na biye, Potiskum kuma tana cikin garuruwan da ya taɓa. Shi ma da abin da aka raina yake farawa: ciwon maƙogwaro, ɗan zazzaɓi, yaro ya ƙi abinci. A gidaje da yawa ciwon maƙogwaro sunansa beli ko hakin wuya, maganinsa kuma askar wanzami. Amma a mashaƙo wata farar fata mai toka-toka ce ke shimfiɗuwa a maƙogwaro ta toshe numfashi, ƙwayar cutar kuma tana sakin dafi mai taɓa zuciya. Aska ba ta kai wa ga dafi. Akwai maganin karya dafin, akwai maganin kashe ƙwayar, akwai kuma rigakafin da ke cikin allurar da ake yi wa jarirai kyauta a sati 6 da 10 da 14.

Sai shawara. Ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja, nan da nan a ce shawara ce, a hana mai, a jiƙa saiwoyi. Launin nan wani sinadari ne da ke taruwa a jini idan jajayen ƙwayoyi na fashewa da yawa, ko hanta ta gaza tace shi, ko hanyar da yake bi zuwa hanji ta toshe. Mai sikila yana yin ta. Mai maleriya mai tsanani yana yin ta. Mai ciwon hanta nau'in B yana yin ta, haka mai tsakuwa a matsarmama, wanda wani lokaci sai an yi masa aiki. Jarirai da yawa suna yin ta a satin farko ta wuce da kanta, amma idan ta bayyana a ranar haihuwa, ko ta yi duhu har tafin hannu, ko jariri ya daina kama nono, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa har abada, alhali sanya shi ƙarƙashin wata fitila ta musamman a asibiti kan hana hakan. Jiƙo ɗaya ba zai yi wa waɗannan mutane duka ba, wasu jiƙe-jiƙen ma hantar da ta riga ta jigata suke ƙara wa nauyi.

Malamar asibiti ma tana jan fatar ido ƙasa, kamar yadda mai turke ke yi, kuma abu ɗaya suke dubawa. Idan ta ce, "Hajiya, jininki ya yi ƙasa," ba ta gama magana ba, yanzu ta fara. Ƙarancin jini na iya zuwa daga maleriya, ko tsutsar ciki, ko rashin sinadarin ƙarfe a abinci, ko haihuwa kusa-kusa, ko zubar jini a ɓoye ta hanji, ko ƙodar da ta fara gazawa. Kwalbar maganin ƙarin jini za ta taimaki wadda abinci ne ya gaza mata. Wadda tsutsa ke zuƙa, ko wadda ke zubar da jini ba ta sani ba, za ta sha kwalba bayan kwalba ta koma inda take.

Haka "ulsa", da muke kiran duk wani zafin ciki da ita. Gyambon ciki na gaske galibi abu biyu ke kawo shi: wata ƙwayar cuta da likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a farkon shekarun 1980, har aka ba su kyautar Nobel a 2005, ko kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen. Na farkon ana kashe shi da haɗin magunguna na kimanin sati biyu. Na biyun kuwa, maganin da ake sha don gajiya shi ne cutar. Basir ma mun ɗora masa kaya fiye da ƙarfinsa, daga ciwon baya har kasala. Wanda ke ganin jini a bayan gida ya kamata a duba shi, don ba basir kaɗai ke zubar da jini ta nan ba. Tarin da ya wuce sati biyu a kai majina gwaji, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Akwai ɗaya gefen, wanda ya fi ba ni tsoro. Mahauta sun san shi. Sa ne ƙosasshe, fata na sheƙi, an saye shi da tsada, sai an fede a tarar da hanta ta lalace, ko huhu ya manne da haƙarƙari. Cuta tana ciki, alama ba ta fito ba. Hawan jini haka yake. Mutum zai yi shekaru awonsa na kai wa 140 bisa 90 ko sama, yana zuwa kasuwa, yana noma, babu ciwon kai babu jiri, har ranar da ɓarin jiki zai shanye a ce iska ce ta buge shi. Shi ya sa kalmar nan "na ji sauƙi, na daina shan maganin" take da haɗari ga mai hawan jini da mai ciwon suga: jin sauƙi labarin alama ne, cutar tana nan inda take. Ciwon hanta nau'in B ma yakan zauna shekara ashirin ko talatin shiru, mutum ya ba matarsa, uwa ta ba jaririnta wajen haihuwa, sai daga baya ciki ya kumbura. Allurar da ake yi wa jariri cikin sa'o'i 24 na farko tana taimakawa ƙwarai wajen yanke wannan hanya, ga wanda aka haifa a asibiti ko aka kai shi da wuri.

Sa'an nan ga waɗanda ba su da cuta sam, amma kulawa ta wajaba a kansu, kamar san nan da yunwa ko tafiya ta ramar. Mai juna biyu lafiyarta ƙalau, kuma daidai wannan magana ce ke sa wasu mazaje cewa, "To me za ta je yi asibiti?" Za ta je ne a auna jininta da hawansa, a duba fitsari, a ga kwanciyar ɗa, domin jijjigar haihuwa da zubar jini ba sa sallama. Yaron da tamowa ta kama abinci ya rasa kafin komai, ba mayu ba ne, ba kuma shan nonon mai ciki ba ne. Abincin nan na gyaɗa da madara da ake bayarwa a cibiyoyin kula da su yana tayar da yara da yawa cikin 'yan makonni. Mai jinin AS ba majinyaci ba ne, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan haka yake. Zai rayu ya tsufa bai sha maganin sikila ko sau ɗaya ba. Amma idan ya auri mai AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Ga abin da ba cuta ba, amma ya isa a zauna a yi shawara a kansa tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.

Ba na ɗora laifin duka a kan marasa lafiya. Mutumin da ke da kuɗin abu ɗaya, ko gwaji ko magani, ba za a zarge shi ba idan ya zaɓi magani. Layin asibiti dogo ne, kemis kuwa yana bakin layi, kuma mai shi ɗan unguwa ne da ke ba da bashi. Ma'aikatan lafiya ma suna da nasu kason. Sau da yawa ana sallamar mutum da takardar magani ba a gaya masa komai ba, ya fito bai san ko cuta aka gano ba ko alama ake lallashi kafin sakamako ya fito. Haƙƙinsa ne ya ji, da harshen da yake fahimta: "Baba, abin da kake ji sunansa kaza, abin da muke zaton ya kawo shi kaza ne, gwajin nan shi zai raba mana gardama." Idan ba a faɗa ba, ya tambaya: "Likita, an gano cutar ne, ko har yanzu ana nema? Maganin nan na kashe ta ne ko na rage zafi? Me zan gani in dawo da gaggawa?" Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, kuma "muna kan nema" amsa ce ta gaskiya da ta fi sunan cutar da aka ƙaga don a kwantar wa mutum da hankali.

Su kansu masana wani lokaci a wannan matsayi suke. A arewacin jiharmu, a Gashuwa da garuruwan da ke bakin kogin Yobe, an daɗe ana kukan yawan ciwon ƙoda, gidaje da dama sun yi rashi, wasu kuma suna zaryar wankin ƙoda a Damaturu da Nguru da Maiduguri. Gazawar ƙoda ita ma matsaya ce da hanyoyi da yawa ke kai wa gare ta: hawan jini, ciwon suga, yawan shan maganin ciwon jiki, wasu jiƙe-jiƙe, tsargiya da ta toshe hanyar fitsari, guba a ruwa ko abinci. Wankin ƙoda yana riƙe rai, ba ya faɗin wacce hanya aka biyo. Shi ya sa masu bincike, ciki har da na cibiyar binciken kimiyyar lafiya da ke Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, suka shiga garuruwan suna ɗibar jini da fitsari da ruwan sha, suna tambayar mutane sana'arsu da abincinsu da magungunan da suke sha. An ga irin wannan a Siri Lanka tsakanin manoman shinkafa, da kuma El Salbado da Nikaraguwa tsakanin masu saran rake, inda ake zargin aiki cikin tsananin zafi da ƙarancin shan ruwa da magungunan feshi, kuma har yau ana kan bincike.

Kafin a kai ga amsar, akwai abin da ke hannu. Ƙoda takan yi asarar fiye da rabin ƙarfinta mutum bai ji komai ba. Kumburin fuska da safe, kumburin ƙafa, kasala da amai duk a makare suke zuwa. Amma awon hawan jini, da ɗan tsinken takarda da ake tsomawa a fitsari don a ga ko furotin na zuba, da gwajin jini guda ɗaya da ke nuna yadda ƙoda ke tacewa, suna iya kama matsalar shekaru kafin ƙafa ta kumbura. Duk ukun ana yin su a babban asibitin Potiskum, kuma wanda ya haura shekara arba'in, ko yake da hawan jini ko suga, ko aka taɓa yin ciwon ƙoda a gidansu, ya kamata ya yi su sau ɗaya a shekara ko da yana jin kansa garau.